YADDA ZA KA ZAƁI AKWATIN RADIYO MAI GAJEREN ZANGO

 

In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, an kai wake da gyaɗa kasuwa, mutum yakan tuna da abubuwan da gida ke bukata. Cikinsu har da akwatin radiyo. Kuɗin da za ka ba mai kanti kuɗin gumi ne, wata huɗu ko biyar kana duƙe a gona kafin ka same su. Ga shi kuwa kasuwa cike take da radiyo iri-iri, ja da baƙi, manya da ƙanana, kowane mai sayarwa yana cewa nasa ya fi. Wani sai ya saya ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo akwatin ya yi shiru. To, kai da ka yi yaƙi da jahilci, ka iya karanta baƙi da lamba, kana da makamin da zai hana a cuce ka. Karanta wannan bayani a hankali, ka riƙe shi, ka tafi da shi kasuwa.

AMFANIN RADIYO GA MUTUMIN KARKARA

Radiyo tsohon abokin manomi ne a ƙasarmu. An buɗe gidan Radiyo Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu saurare, waɗanda ake kira radiyo-kulob, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai gidan radiyo. A 1974 gidan ya samu sunan Muryar Sahel. Daga 1999 kuma aka fara buɗe radiyoyin karkara a ƙananan garuruwa.

Ta radiyo kake jin abin da ma'aikatan yanayi suka hango game da damina, ko za ta faɗi da wuri ko za ta makara. Ta radiyo kake jin inda fara ta sauka, da ranar da masu allurar dabbobi za su zo, da kuɗin tiyar hatsi a kasuwannin da ba ka je ba. Wanda ya san kuɗin tiya a Maraɗi ko Damagaram, ɗan kasuwa ba ya yi masa wayo a bakin rumbu.

Za ka ce ai yanzu ga salula. Gaskiya ne. Amma salula tana son rezo, tana son kuɗin kira, tana son caji kullum. Radiyo kuwa, da ka sa masa pil, shi ke nan. Ba a biyan ko dala don a saurara, kuma mutum goma suna iya zama su ji tare.

ZANGO UKU: KA SAN BAMBANCINSU

A jikin akwatin za ka ga wani ɗan maɓalli da ake turawa, da haruffa a gefensa. Haruffan nan su ne zango-zango.

Na farko FM. Lambobinsa daga 88 zuwa 108 ne. Muryarsa garau take, ba hayaniya. Amma tafiyarsa miƙe take kamar hasken tocila. Tudu yana tare shi, nisa yana cinye shi. In ka yi tafiyar kilomita masu yawa daga garin da ƙarfen tashar yake, sai murya ta ɓace. Radiyoyin karkara, da masu zaman kansu, da tashoshin jaha na Muryar Sahel, a FM ake kama su.

Na biyu matsakaicin zango. Ana rubuta shi MW, ko AM, ko kuwa PO a tsofaffin akwatuna masu rubutun Faransanci. Lambobinsa daga wajen 530 zuwa 1600. Shi yana bin ƙasa, ya fi FM nisa, da dare kuma nisansa yana ƙaruwa ƙwarai.

Na uku gajeren zango. Ana rubuta shi SW, ko OC. Shi ne mai dogon tafiya. Muryar tana tashi daga tasha ta yi sama. Can sama, kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke ba ƙarfi. In muryar ta kai can sai ta juyo ƙasa, kamar yadda kiranka ke dawo maka in ka yi kuwwa kusa da dutse. Da haka take ƙetare hamada da teku, ta sauka a wurin da ya kai kilomita dubbai.

Rufin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana sauyawa tsakanin dare da rana, da tsakanin bazara da hunturu. Shi ya sa za ka ji murya tana ƙaruwa tana raguwa, kamar mai magana yana matsowa yana ja da baya. Wannan halin gajeren zango ne, ba lalacewar akwati ba ce. Kada ka kai shi wurin mai gyara saboda haka.

WA KE BUKATAR GAJEREN ZANGO?

Kafin ka fitar da kuɗi, tambayi kanka inda za ka riƙa saurare.

In kana zaune kusa da gari, kuma abin da kake so shi ne sanarwar gari, da labarin kasuwa, da shirin manoma, to FM ne babban abin dubawa gare ka. Tashar nesa ba ta san ranar allurar awaki a garinku ba.

Amma in kai makiyayi ne, kana hawa arewa da damina, wajen Abalak, Cintabaraden, Ingal, Tanut ko Tesker, akwai wurare da yawa da FM ba ya kaiwa, rezo ma babu. Haka in kana zama a tungar gona mai nisa, ko kana tafiya cin rani, ko kana bin hanyar hamada. A irin waɗannan wurare gajeren zango ne zai haɗa ka da duniya.

Shawarar da ta fi ita ce ka sayi akwati mai zango ukun duka. In kana gida ka ji na gida, in kana daji ka ji na nesa.

Akwai abu guda da ya kamata ka sani. Gidajen radiyon ƙasashen waje sun daɗe suna magana da Hausa. BBC ta fara a 1957, Muryar Jamus da Radiyon Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa a 2007. Dattawa kuma sun san Radiyon Kaduna a mita 49, sun san Muryar Sahel a mita 31. Amma tashoshin gajeren zango sun ragu bisa ga da. Muryar Jamus ta rufe babbar tasharta ta Kigali a 2015. Muryar Amurka ta dakatar da shirye-shiryenta a watan Maris na 2025. Saboda haka kada ka sayi akwati don tasha ɗaya tak. Ka tambayi wanda ke saurare kullum a garinku, ya nuna maka abin da yake kamawa a wannan lokaci. Matambayi ba ya ɓata.

KARANTA LAMBOBIN DA KE JIKIN GILASHI

Nan ne karatunka zai yi maka rana. Ana faɗin wurin tasha iri biyu, ko da mita, ko da lamba. Lambar kuma ana rubuta ta da kHz ko da MHz. Duka abu ɗaya ne. MHz 1 daidai yake da kHz 1000. Wato 9700 kHz shi ne 9,7 MHz. A wani akwati za ka ga an sa ɗigo a madadin waƙafi, 9.7.

Ga manyan mitoci da lambobinsu a kHz:

Mita 49: daga 5900 zuwa 6200
Mita 41: daga 7200 zuwa 7450
Mita 31: daga 9400 zuwa 9900
Mita 25: daga 11600 zuwa 12100
Mita 22: daga 13570 zuwa 13870
Mita 19: daga 15100 zuwa 15800
Mita 16: daga 17480 zuwa 17900
Mita 13: daga 21450 zuwa 21850

Ga ɗan lissafi mai sauƙi. In ka raba 300 da lambar MHz, za ka samu mita. Misali, 300 a raba da 12, ya ba da 25. Ke nan 12 MHz yana wajen mita 25. Lura da kyau, in lamba ta hau, mita sauka take yi.

Da rana tsaka, manyan lambobi ne suka fi aiki, wato mita 19, 16 da 13. Da dare da asuba, ƙananan lambobi ne, wato mita 49, 41 da 31. Mita 25 da 31 sukan yi aiki da safe da maraice. Shi ya sa tasha ɗaya takan yi shirin safe a wata mita, na rana a wata.

To, ga abin dubawa. Wani akwati lambobinsa na SW suna tsayawa a 12 ko 16. Irin wannan zai bar ka da rana. Ka nemi wanda ya tashi daga 5,9 ya kai aƙalla 18. In ya kai 22, ya fi.

Za ka ga kuma an rubuta a kwali cewa akwatin yana da zango 8, ko 10, ko 12. Kada wannan ya ruɗe ka. Gajeren zangon ne aka yanyanka, SW1, SW2, SW3, har gaba. Yankawar tana da amfani, don tashoshi ba su cunkushe wuri ɗaya, allura tana samun fili. Amma yawan zango ba shi ne ƙarfin kamawa ba. Akwai mai 12 wanda kurma ne, akwai mai 4 wanda ke ji kamar zomo.

Sauran abu biyu game da lokaci. Tashoshin nesa sukan faɗi lokaci da agogon GMT. Agogon Nijar yana gaba da shi da awa ɗaya, in an ce ƙarfe 6 agogon GMT, to ƙarfe 7 ne a wurinmu. Kuma sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, tashoshi da yawa suna sauya mitocinsu. In ka nemi tasha ka rasa a waɗannan lokuta, akwatinka lafiya lau yake. Nemi sabon wurinta, ka rubuta lambar a littafinka.

MAI ALLURA KO MAI LAMBA?

Akwati iri biyu ne. Akwai mai allura, wanda kake murɗawa allura tana tafiya bisa gilashi. Akwai mai lamba, wanda ke nuna lambar tasha a ɗan allo kamar agogon hannu.

Mai allura ya fi araha, ya fi sauƙin aiki, tsoho da yaro duk suna iya murɗa shi, kuma yawanci ba ya cin pil da yawa. Aibinsa shi ne allura ba ta faɗin gaskiya daidai. Tasha tana 15,3 allura tana nuna 15,5. Sai ka yi ta lalube.

Mai lamba yana kai ka kan tasha kai tsaye. Wani ma yana riƙe tashoshin a cikinsa, da ka danna maɓalli sai ta fito. Ga wanda ya iya karatu wannan daɗi ne. Amma ya fi tsada, maɓallansa sun fi yawa, wani yana shan pil ko a kashe yake saboda agogon da ke ciki. In ya lalace kuma, ba kowane mai gyara ke iya masa ba.

In za ka sayi mai lamba, ga wani abu. A matsakaicin zango, tashoshin Afirka da Turai suna jere da tazarar 9, na Amurka da tazarar 10. Ka tabbata naka yana kan 9, ko yana da wurin sauyawa. In ba haka ba zai riƙa tsallake tashoshi.

MAGANAR PIL: NAN KUƊI KE TAFIYA

Sayen akwati sau ɗaya ne. Sayen pil, wanda wasu ke ce ma batir, kullum ne. Kamar doki ne, ba sayensa ke da wuya ba, ciyar da shi.

Pil yana da girma-girma. Babba ana rubuta masa R20, matsakaici R14, ƙarami R6, ɗan mitsitsi R03. Dukansu ƙarfinsu ɗaya, 1,5 V, amma cikinsu ba ɗaya ba. Babban pil kamar randa yake, ƙarami kamar buta. Akwati mai cin manyan pil biyu ko uku ya fi nauyi, amma yana daɗewa kafin ya nemi wasu. Mai ƙananan pil yana shiga aljihu, amma da sauri yake shanyewa. Kuma ka duba irin pil ɗin da ake samu a teburin garinku. Akwatin da sai an je birni a samo masa pil, rabin shekara a kashe zai yi.

Mu yi lissafi. A ce pil biyu dala hamsin ne, wato 250 F. Wannan misali ne, kai ka sa kuɗin kasuwarku. Akwati na farko yana cinye su cikin sati biyu. A shekara sau 26 ke nan. 26 sau 250 ya ba da 6500 F. Akwati na biyu yana kai wata guda da su. A shekara sau 12. 12 sau 250 ya ba da 3000 F. Bambanci 3500 F, jika uku da rabi, kowace shekara. In na biyun ya fi na farko tsada da jika biyu, kafin shekara ta zagayo ya biya kansa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Yanzu akwai akwatuna masu batirin caji a ciki. In kana da farantin hasken rana, wato pano, ko akwai mai cajin salula a garinku, wannan hanya ce mai kyau. Amma ka duba abu biyu. Na ɗaya, batirin ya zama wanda ake cirewa a sa wani, kamar mai lamba 18650 ko irin na ƙananan salula, domin kowane batirin caji yana tsufa. Na biyu, in da hali, akwatin ya zama yana karɓar pil kuma, saboda ranar da kake daji ba wurin caji.

Wani akwati yana da ɗan faranti a bayansa, wai yana caji da rana. Farantin da bai kai tafin hannu ba wutarsa kaɗan ce, taimako kawai yake yi. In kuma ka shanya akwatin duka a ranar bazara, zafi zai lalata batir, ya tanƙwara roba.

Haka nan akwati mai tocila, mai fitilu masu walƙiya, mai wurin sa katin waƙoƙi. Duk waɗannan daga batir ɗaya suke sha. Yara su kwana suna jin waƙa, da asuba ka zo jin labari ka tarar babu wuta. Sau da yawa kuma masu ƙera irin wannan sun fi ba ado ƙarfi bisa ga kamun tasha. In radiyo kake so, sayi radiyo.

GWAJI A KASUWA

Kada ka yi cinikin biri a sama. Duk akwatin da mai shi ya hana ka gwadawa, bar masa abinsa. Ka tafi da sababbin pil naka. In da hali ka tafi da wanda ya saba da radiyo, ya riƙo nasa akwatin mai kyau, don a gwada su gefe da gefe. Ka zaɓi lokacin da ka san tashoshi suna aiki, da safe, ko tsakar rana, ko da yamma. Sa'an nan ka bi waɗannan matakai:

1. Karanta sunan da kyau, baƙi bayan baƙi. Dattawa sun san Sony, National, Philips da Grundig. Yau yawancin sababbin akwatuna ƙirar ƙasar Sin ne, irin su Tecsun da Kchibo. Cikin kayan Sin akwai nagari, akwai na banza. Masu jabu sukan ɗauki sanannen suna su sauya baƙi ɗaya, don wanda bai iya karatu ba ya ɗauka na asali ne. Kai ka iya.

2. Fita daga cikin rumfa. Injin wuta, da cajar salula, da ƙwan fitila irin na zamani, duk suna sa gajeren zango ƙugi. Ja da baya kamar taki ashirin, a fili.

3. Zare eriya, wato anten, har ƙarshe. Ta fito sumul, ta tsaya da kanta, gindinta a ɗaure da kusa mai ƙarfi. Doguwar eriya ta fi gajeruwa.

4. Sa shi a SW, wurin da babu tasha. Za ka ji shuuu. Taɓa eriya da yatsa. In ƙarar ta sauya, akwatin yana ji. In shiru ne kamar kabari, ajiye shi.

5. Murɗa a hankali daga farko har ƙarshe, zango bayan zango. Ƙidaya tashoshin da ka ji, ko da ba ka san harshensu ba. Gwada wani akwati a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Wanda ya fi kamawa shi ne ya fi.

6. Saurara ko tashoshi biyu suna hawa kan juna. Akwati nagari yana raba su, ka ji ɗaya ka bar ɗaya. In kuma kana jin tashar FM ta garin tana kutsowa cikin SW ko'ina, wannan aibi ne.

7. Tsaya kan tasha ɗaya minti biyar, kada ka taɓa. In ta zame har sai ka sake murɗawa, haka za ka yi ta fama da shi a gida.

8. Murɗa maɓallin ƙara sama da ƙasa. Kada ya yi ƙarar-ƙarar. Maganar mutum ta fito sarai, ba kamar mai magana cikin tulu ba. Kai magana za ka saurara, ba kiɗan biki ba.

9. Gwada FM da MW su ma. A MW eriyar waje ba ta aiki, akwai wata a ɓoye cikin akwati. Juya akwatin kansa dama da hagu har murya ta fito.

10. Buɗe wurin pil. Ƙarafunan su zama masu haske, ba tsatsa, ba farin gari. Murfin ya rufe gam. Girgiza akwatin kusa da kunne, kada ka ji wani abu yana yawo a ciki.

In ka gamsu, ku yi ciniki gaban shaida. Ka nemi sharaɗin cewa in ka kai shi gida bai kama ba, za ka maido a sauya maka zuwa kasuwa mai zuwa. In kanti ne, a rubuta maka takarda da sunan akwatin, da kuɗinsa, da kwanan wata. Ajiye kwalin, kada yara su yage shi.

IN NA HANNU NE

Tsohon akwati na asali sau da yawa ya fi sabo na jabu. Amma ka ƙara lura. Duba kusoshin baya, in sun sha sukuddireba, an sha buɗe shi. Tsofaffin akwatunan da aka yi don ƙasar Japan, FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, ba za su kama yawancin tashoshinmu ba. Wanda aka yi don Amurka ko Japan kuma wutarsa 100 zuwa 120 ce, tamu kuwa 220. In ka sa shi a lantarki kai tsaye, zai ƙone nan take. Karanta abin da aka rubuta a bayansa.

ƘARA MASA JI

In kana wuri mai nisa, murya tana zuwa da rauni, ga dabara mai araha. Samo siririyar waya mai rufin roba, tsawon mita 5 zuwa 10. Feƙe bakinta ɗaya, ka naɗa a kan eriya. Ɗaya bakin ka rataya shi sama, a reshen itace ko bisan rumbu. Za ka ji bambanci. In murya ta cika har tashoshi suka cakuɗe, rage tsawon wayar.

Amma a kula ƙwarai. Kada wayar ta kusanci wayar lantarki ko kaɗan. Da ka ga hadari ya taso, ko ka ji cida, kwance ta daga akwatin, ka sauke ta. Waya a sama tana jan aradu. Rai ya fi labari.

Ɗaki mai rufin kwano yana rage ji. Fito waje, ko ka zauna bakin taga. In kana cajin akwati kana jin ƙugi, cire cajar ka saurara da batir.

RIƘON AKWATI

Abokan gaban radiyo huɗu ne: ƙura, zafi, ruwa da mataccen pil.

Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙara. A ɗinka masa riga ta ƙyalle mai kauri, ko baduku ya yi masa jaka, a bar wurin lasifika da na eriya. Kada ka ɗiga masa mai, mai yana kama ƙura.

Kada ka bar shi a rana ko kusa da murhu. A gona, rataye shi a inuwa. Kada ka ajiye shi ƙasa, saboda gara da raɓa. In ruwa ya shige shi, cire pil nan da nan, ka bar shi a buɗe a inuwa mai iska kwana biyu ko uku kafin ka kunna.

Pil in ya mutu yana zubar da wani ruwa mai cin ƙarfe. Da murya ta fara shaƙewa, cire su. In za ka yi tafiya ka bar akwati, cire su. Kada ka gama tsoho da sabo, tsohon zai janye sabon. Rage ƙara in kai kaɗai ne, ƙara mai yawa ita ke shan pil. Mataccen pil kuma guba ne. Kada a jefa shi wuta, ko kusa da rijiya, ko inda yara da dabbobi za su ɗauka. Batirin caji in ya kumbura, daina aiki da shi, yana iya kama wuta.

Eriya ita ce ta fi saurin karyewa. In za ka mai da ita, kama daga gindi ka tura gaɓa-gaɓa, kada ka danna daga sama. Kada ka ɗauki akwati da ita.

KAFIN KA TAFI KASUWA

Rubuta waɗannan a ƴar takarda ka sa aljihu: zango uku, FM da MW da SW. Lambar SW daga 5,9 zuwa 18 ko fiye. Pil irin wanda ake samu a garinku. Suna na asali. Gwaji a fili. Sharaɗin maidowa.

In kuɗinka bai kai na nagari ba, ka haƙura zuwa wata kasuwa, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku, ko ƙungiyarku ta manoma ta sayi ɗaya mai kyau a riƙa saurare tare, kamar yadda iyayenmu suka yi a radiyo-kulob. In an ji shirin noma, a tattauna, wanda ya iya rubutu ya rubuta ranaku da lambobi. Labari mai nauyi kuma, a ji shi daga tasha biyu ko uku kafin a yaɗa.

Ka karanta ma maƙwabcinka wanda bai samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Ranar da zai sayi nasa, ka raka shi, ka karanta masa lambobin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ji alheri.